Fina-finan barkwancin batsa na 'yan makarantar Amurka: yaya ake gina su, me ya kashe kasuwarsu?

Sadik_Gwale:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana rubutun fim da masu bin harkar fina-finan Amurka. Akwai wani nau'in barkwanci da suka daɗe suna yi a kan abokai 'yan ajin ƙarshe na sakandare ko 'yan jami'a, wanda ake cika shi da batsa da ashar da shaye-shaye, irin su American Pie da Superbad. Ba tallarsu nake yi ba, ginin nake son ganewa. Me ya sa kusan duk kamarsu ɗaya, kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su? Akwai tsarin da marubutan ke bi ne, kuma a ina wanda bai iya ba yake yin tuntuɓe? Sannan tunda labarin na yara 'yan shekara 17 ne, ta yaya doka ke barin a ɗauki irin waɗannan fitowar? Na ƙarshe, a da kusan duk shekara sai an fitar da irinsu a sinima, yanzu kuwa sai jefi-jefi. Me ya faru? Wanda ya sani don Allah ya yi bayani dalla-dalla, da lissafi in da hali.

Malam_Alƙalami:

Wa alaikumus salam Malam Sadik. Kamannin da ka gani da gangan ne. Tun da Animal House na John Landis ya fito a 1978 ya yi kasuwar da ba a zata ba, ƙashin bayan labarin bai canza sosai ba, kaya kawai ake sauya masa.

Abu na farko da za ka riƙe: batsar ita ce ke kan allon talla, amma ba ita ke jan labarin ba. Abin da ke jan sa shi ne abokai sun kusa rabuwa, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya ce yana jin tsoron rabuwar. Dalilin yana cikin tsarin karatunsu. Sakandaren Amurka aji huɗu ce, daga na 9 zuwa na 12, ana gamawa a shekara 17 ko 18. Wajen watan Afrilu ko Mayu ake yin bikin rawar 'yan ajin ƙarshe da suke kira prom, sai bikin yaye ɗalibai, daga nan kowa ya kama hanyar jami'ar da ta ɗauke shi, sau da yawa a wata jiha mai nisan ɗaruruwan mil. Wato marubuci ya sami wa'adi a ɓagas, ba sai ya ƙirƙira ba. Ƙari a kan haka, tun dokar tarayya ta 1984 da ta matsa wa jihohi su mai da shekarun sayen giya 21, ɗan shekara 18 ba ya iya shiga kanti ya saya. Shi ya sa katin shaida na jabu da neman giyar kai wa wurin fati suka zama labari guda. Superbad kacokan a kan wannan yake tafiya, cikin yini ɗaya da dare ɗaya.

Rubutun yakan kai shafi 95 zuwa 105, a kan lissafin shafi ɗaya minti ɗaya. In ya haura minti 110 dariya takan fara gajiya. Shafuka goma na farko na gabatar da abokai ne, uku ko huɗu. Biyar sun yi yawa, domin in ka raba minti 100 gida biyar babu wanda zai sami isasshen lokacin da mai kallo zai damu da shi. Rabon halayen ma sananne ne. Akwai mai baki, wanda ya fi kowa cika baki a kan mata alhali bai san komai ba. Akwai mai kunya, shi ne zuciyar fim ɗin, ta idonsa ake kallo. Akwai wanda sauran suka raina, wanda a ƙarshe shi ke tsintar dami a kala. In da na huɗu, yawanci mai budurwa ne ko ɗan ƙwallon makaranta, aikinsa ya nuna cewa wanda ake ganin ya samu ma yana da tasa damuwar. Kafin shafi na 25 dole a furta buri da wa'adi a fili, da baki, yadda ko wanda ya shigo a makare zai gane. A American Pie alkawari ne abokai huɗu suka ɗauka kafin daren prom. A Booksmart 'yan mata biyu ne da dare ɗaya tak ya rage musu kafin bikin yaye.

Tsakiyar fim kuwa ana gina ta ne a kan manyan fitowar abin kunya, huɗu zuwa shida, kusan duk bayan shafi 12 zuwa 15. A nan ƙwarewa take, kuma a nan mafi yawa ke faɗuwa. Kowace irin wannan fitowa tana da gaɓoɓi. Da farko a dasa abin tun da wuri, a nuna shi kamar ba komai ba: ƙofar da makullinta ya lalace, saƙon da aka tura wa lambar da ba ita ba, kofin da aka ajiye a inda bai kamata ba. Na biyu, mai kallo ya riga jarumin sanin masifar da ke tafe. Wannan gaɓar ita ce mai tsada, domin dariyar jira ta fi dariyar ba-zata daɗewa; ba-zata daƙiƙa biyu ce, jira kuwa sai ta kai minti uku mutane na rufe fuska. Na uku, jarumin ya yi ƙoƙarin gyarawa ya ƙara ɓatawa, hawa uku, kowane hawa ya fi na baya muni. Na huɗu, shaida ya shigo. Abin kunyar da babu wanda ya gani ba ya ba da dariya, ƙyama kawai yake bayarwa. Kuma zaɓen shaidar shi ne rabin aikin. Uba mai faɗa yana kashe fitowar nan take, don da ya daka tsawa magana ta ƙare. Uba mai sauƙin kai da zai zauna a bakin gado ya fara nasiha cikin in-ina, shi ke ninka kunyar. Wannan ne ya sa rawar uban jarumi da Eugene Levy ya taka a American Pie ta fi ta yaran kansu daɗewa a kasuwa. Gaɓa ta biyar ita ake yawan mantawa: abin ya bar tabo a labarin. Washegari a makaranta kowa ya sani, ko wata dangantaka ta lalace, ko hanyar da suka shirya ta toshe.

Gwajin da ake yi wa rubutu shi ne a ɗauki fitowa ta biyu a musanya ta da ta huɗu. In labarin bai girgiza ba, to ba fim aka rubuta ba, jerin wasannin barkwanci ne aka ɗinke. Yawancin waɗanda suka biyo bayan fim ɗin Porky's a tsakanin 1982 da 1985 wannan ce cutarsu.

Wajen shafi na 70 zuwa 80 sai faɗa ya ɓarke tsakanin abokan, kuma ba a kan mace ko giya ba. A nan ake faɗin abin da aka ɓoye tun farko: kai za ka tafi ka bar ni, kai ka hana ni ci gaba shekara da shekaru. A Superbad ɗaya ya sami babbar jami'a, ɗayan bai samu ba, kuma an ɓoye masa cewa abokin nasa zai haɗa ɗakin kwana da abokinsu na uku a can. Seth Rogen da Evan Goldberg sun fara rubuta shi suna da shekara 13, suka sa wa jaruman sunayensu, shi ya sa wannan faɗan yake da zafi na gaske. Daga nan sai sulhu, sai ƙarshe inda galibi ba sa samun abin da suka fita nema, ko su samu su ga bai kai yadda suke zato ba.

Kuskure biyu kuma da ya kamata ka sani. Ɗaya, a ɗauki mai bakin nan a mai da shi babban jarumi saboda shi ya fi ba da dariya a kashi na farko. Mai baki gishiri ne, ba a cika tukunya da shi. Minti 15 a fim ya ishe shi, in ya kai minti 50 sai ya gundure. Na biyu ya shafi fina-finan jami'a. Jami'a ba ta da wa'adi mai kaifi irin na prom, don haka sai an ƙirƙiro shi. Animal House ya yi amfani da barazanar korar ƙungiyar ɗaliban gaba ɗaya, Road Trip na 2000 ya yi amfani da tafiyar mota daga jihar New York zuwa Texas don a riga wani kaset isa. Wanda bai sa irin wannan igiyar ba, fim ɗinsa yakan yi ta yawo daga fati zuwa fati har a tashi.

Hauwa_Edita:

Malam ya gama da rubutu, bari in ɗauki ta biyu, Malam Sadik, maganar doka da ɗauka.

Amsa a taƙaice: waɗanda kake gani a matsayin yara, yawancinsu manya ne. John Belushi yana da shekara 28 lokacin da ya fito a ɗalibin jami'a a Animal House. Alyson Hannigan tana da 24 a lokacin ɗaukar American Pie. Jonah Hill yana da 22 a Superbad. Ba don kunya kawai ake yin haka ba, har da lissafin awoyi. A Kalifoniya ɗan shekara 16 ko 17 da ke makaranta awa 10 kawai aka yarda ya yi a wurin ɗauka, a ciki 6 ne na aiki, 3 na karatu da malamin da kamfani zai biya, saura hutu. Kuma dole a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗinsa a asusun da ba a taɓawa sai ya girma. Babba kuwa sai ya yi awa 12 a tsaye. Fim ɗin da rabinsa da dare ake ɗauka, cikin kwana 30 zuwa 40, ba zai jure jarumin da za a sallama tsakiyar aiki ba. Inda aka kauce wa wannan, sai sharuɗɗa su biyo baya: Christopher Mintz-Plasse yana da 17 lokacin Superbad, dole mahaifiyarsa ta kasance a wurin a ranar da aka ɗauki fitowarsa ta ɗakin kwana. Nuna wanda bai kai 18 ba cikin tsiraici na batsa kuwa ba maganar sharaɗi ba ce, laifi ne babba.

Ga manyan ma akwai takarda ta musamman da ake haɗawa da kwangila, wadda ke fayyace abin da kyamara za ta nuna da wanda ba za ta nuna ba. A ƙa'idar ƙungiyar 'yan wasa ta yanzu, sai an ba ɗan wasa ita aƙalla awa 48 kafin ranar ɗauka. Ranar kuma a rufe wurin, a fitar da duk wanda ba dole ba ne, a kashe allunan kallo na waje. Daga 2018, lokacin da tashar HBO ta wajabta shi a shirye-shiryenta, an fara ɗaukar mutum na musamman da ke tsara irin waɗannan fitowar taki-taki, kamar yadda ake tsara faɗa. Kafin nan galibi abin yana hannun darakta ne, kuma an cuci 'yan wasa mata da dama a haka.

Fatin da kake gani ana ta kiɗa da ihu, shiru ake ɗaukarsa. 'Yan cike fili 100 ko 200 suna rawa suna motsa baki babu sauti, don makirfo ya kama maganar jarumai tsaf. Akan kunna waƙar na 'yan daƙiƙoƙi su kama taki, a kashe, sannan a fara. Su jaruman sai sun ɗaga murya kamar da hayaniya. Wanda ya manta ya yi magana ƙasa-ƙasa, in an ɗora kiɗa daga baya sai fitowar ta zama ta ƙarya. Abin da ke cikin kofuna giya marar sa maye ce, ko shayi, ko ruwan tuffa. Aman da ake nunawa kunun hatsi ne da miyar gwangwani. Babban ciwon kai shi ne daidaita hoto: tsawon abin sha a kofi, tabon riga, wanda ke tsaye a bayan wa. Fatin minti 20 yakan ci darare bakwai zuwa goma, kuma dole tabon daren farko ya zauna a inda yake har na ƙarshe, don haka ake ɗinka rigar jarumi guda huɗu ko biyar iri ɗaya, kowace da matakin dattinta.

Daga zamanin Judd Apatow, furodusan Superbad, aka saba kafa kyamara biyu suna kallon juna, ɗaya a kan kowane jarumi, a bar su su yi ta ƙirƙiro magana. Amfanin shi ne in wani ya jefo abin dariya, martanin ɗayan na gaskiya yana nan an kama. Illar ita ce haske ba ya yin kyau ta ɓangare biyu a lokaci ɗaya, sannan edita ya tashi da awoyi masu yawa, fim ya kumbura. A teburin editin ana yanke dariyar da ta fi kowace daɗi in ta tsayar da labari. Sai a kai fim ɗin gwaji gaban 'yan kallo ɗari biyu ko uku, a naɗi sautin zauren, a dawo a ɗora shi a kan fim ɗin. Inda dariya ta danne layin da ke biye, a ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu na shiru. Inda aka yi tsit, a cire. Wannan ne ya sa in ka kalli irin fim ɗin kai kaɗai a waya sai ka ji wasu wurare sun yi sanyi. An bar gurbin ne don dariyar zaure.

Sai hukumar ba da daraja, wato mai sa wa fim harafin da ke nuna shekarun da suka dace a kalle shi, wadda kamfanonin fim suka kafa wa kansu a 1968, iyaye ne ke zama a cikinta. Harafin R na nufin ɗan ƙasa da 17 sai da babba. PG-13, mai gargaɗin iyaye a kan 'yan ƙasa da 13, wanda aka ƙirƙiro a 1984, galibi sau ɗaya kawai yake yarda da babbar ashar ɗin nan, alhali Superbad ya furta ta fiye da sau ɗari. NC-17, na manya zalla, wanda ya maye gurbin harafin X a 1990, shi ake gudu, domin sinimomi da yawa ba sa haskawa, a da ma jaridu da yawa ba sa karɓar tallarsa, wasu manyan kantuna ba sa ajiye shi. Fast Times at Ridgemont High na 1982 sai da aka rage shi ya sauko daga X zuwa R. American Pie ma sai da aka mai da shi gaban hukumar ba sau ɗaya ba, ana datse daƙiƙoƙi, kafin ya tsira daga NC-17. Abin da aka datse ba a zubarwa, kuma wannan ya kai mu ga maganar kuɗi.

Sadik_Gwale:

Allah ya saka da alheri Malam, na gode Yaya Hauwa. To in R ya hana 'yan ƙasa da 17 shiga su kaɗai, ke nan an toshe wa fim ɗin masu kallonsa na asali. Ta ina ribar ke fitowa?

Ɗan_Kantin_Kwari:

Ɗan'uwa, ribar tana cikin ƙanƙantar jari. Babu tauraro mai tsada, babu fashewar mota, gida ɗaya ne da makaranta ɗaya da titin unguwa. Animal House ya ci kusan dala miliyan 3, ya kawo sama da miliyan 140. Porky's, da kuɗin Kanada aka yi shi, bai wuce miliyan 5 ba, ya haura miliyan 100. American Pie miliyan 11 ne, ya tara kusan 235 a duniya. Superbad miliyan 20, ya kawo kusan 170. A Ingila ma fim ɗin The Inbetweeners na 2011 an yi shi da fam miliyan 3.5, ya tara kusan fam miliyan 45 a gida. Kamfani zai iya yin biyar, uku su faɗi, biyu su biya duka.

Amma kada ka ɗauki waɗannan alƙaluman a matsayin riba. Masu sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Talla a faɗin Amurka takan ci dala miliyan 20 zuwa 30 ko fiye, wato ta fi kuɗin yin fim ɗin kansa. Ga kuɗin waƙoƙi, don fati ba ya yiwuwa sai da waƙar da matasa suka sani, kuma kowace sai an biya gida biyu, mai rubutu da mai faifai.

Game da R, masu sayen tikitin na gaske 'yan 17 zuwa 25 ne. Na ƙasa da haka sukan sayi tikitin wani fim su sulale, ko su jira faifai. Daga 1999 masu sinima suka tsaurara duba katin shaida a ƙofa, sai faifan DVD ya ƙara daraja. A nan dabarar take: miƙa fim ga hukumar ba dole ba ne a doka, don haka sai a mai da abin da aka datse, a fitar da faifai mai tambarin "Unrated", wato wanda hukumar ba ta ba daraja ba, a sake sayar da fim ɗaya ga mutum ɗaya. Kasuwar ta yi ƙarfin da daga 2005 zuwa 2009 aka fitar da fina-finai huɗu da sunan American Pie waɗanda ba su ko leƙa sinima ba, kai tsaye faifai.

Wannan ƙafar ce ta karye. Cinikin DVD ya kai ƙololuwa wajen 2005, daga 2008 ya rufta. Fim ɗin da a da in ya yi kunnen doki a sinima faifai zai fitar da shi, yanzu babu mai fitar da shi. A lokaci guda manyan kamfanoni suka koma neman kuɗin ƙasashen waje, barkwanci kuwa ba ya tafiya. Fashewa ba ta buƙatar fassara, amma dariyar da aka gina a kan prom da ƙungiyoyin ɗaliban jami'a da lafazin ashar tana mutuwa a hanya. Sin ba ta da tsarin daraja ta shekaru, fim ko dai ya dace da kowa ko a hana shi, don haka wannan babbar kasuwa a rufe take gare su. Sannan tsiraicin da a 1982 yake sa saurayi ya biya tikiti, intanet ta zubar masa da farashi.

Ba su mutu gaba ɗaya ba. Neighbors na 2014 ya mai da miliyan 18 kusan 270. Good Boys na 2019 ya haura miliyan 100 a kan jarin 20. Amma Booksmart, duk da yabon da masu sharhi suka yi masa a shekarar, kusan miliyan 25 ya samu, Bottoms na 2023 kuwa da ƙyar ya wuce jarinsa. Shi ya sa yanzu yawanci ake sayar da su kai tsaye ga su Netflix a kan farashi tsayayye: babu faɗuwa, babu kuma ribar ninki goma.

Anti_Binta:

Bayani ya yi kyau, amma Malam Alƙalami, ban yarda a ce batsar allon talla ce kawai ba. A wasu daga cikinsu abin da aka gina dariya a kai laifi ne, kuma ya kamata Sadik ya san wannan tunda gini yake koyo.

A Porky's samari ne ke leƙen 'yan mata a wurin wanka. A Revenge of the Nerds na 1984 an dasa kyamarori a ɗakunan kwanan ɗalibai mata, an sayar da hotunansu, sannan jarumin ya rufe fuska ya yaudari wata ta ɗauka saurayinta ne, fim ɗin kuma ya nuna hakan a matsayin nasara. A Sixteen Candles na shekarar an miƙa yarinyar da maye ya ɗauke wa hankali ga wani yaro kamar kaya. Molly Ringwald, jarumar fim ɗin, da kanta ta yi rubutu a mujallar New Yorker a 2018 tana nuna damuwarta a kan wannan. A American Pie an haska wata ɗaliba baƙuwa a intanet ba da saninta ba, ita aka mayar ƙasarsu, shi kuwa dariya kawai aka yi masa. Ta fuskar rubutu ma aibi ne: macen ba ta da buri nata, lada ce da ake ba namiji a ƙarshe. Blockers na 2018 da Booksmart sun gyara wannan gefen, don sun ba 'yan matan buri da wa'adi da baki, amma batsar da shaye-shayen suna nan yadda suke.

Ga iyaye kuma, don waɗannan fina-finan suna yawo a wayoyin yaranmu ta hannun masu tura fim. Kada hoton bango ya ruɗe ku. Yara da jakar makaranta a hoto ba ya nufin na yara ne. Good Boys jarumansa 'yan shekara 12 ne, amma R ne. Ku duba harafin, ku karanta layin da ke ƙarƙashinsa, don a nan ake rubuta dalilin darajar. In sunan fayil ɗin yana ɗauke da "Unrated" ko "Uncut", ya fi wanda aka haska a sinima muni. Kada kuma a amince da PG, darajar da ke ƙasa da PG-13, ta tsofaffin fina-finai: Sixteen Candles PG ne, ya fito watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro PG-13, kuma akwai tsiraici a ciki. Wanda ake nunawa a talabijin ko jirgin sama daban ne, tun a wurin ɗauka ake yin wasu layukan sau biyu, ɗaya da ashar ɗaya babu. Wanda ya ga na talabijin ya ce babu komai, ba shi yaron ke kallo a waya ba.

Malam_Alƙalami:

Gaskiyarki Anti, kuma abin da kika kawo yana da ma'auni a rubutu. A kowace fitowar abin kunya a tambaya: a kan wa kunyar ta faɗa, kuma shi ya jawo ta? In ta faɗa kan jarumin saboda ƙaryarsa ko kwaɗayinsa, barkwanci ne. In ta faɗa kan wadda ba ta san ana yi ba, kuma labarin bai hukunta mai yin ba, zalunci ne aka ɗora wa kiɗa. Misalan nan huɗu duk sun faɗi wannan gwajin.

Malam Sadik, in don rubutunka kake tambaya, batsar ba za ta wuce hukumar tace fina-finai ta Kano ba, kuma ba ka buƙatarta. Abin ɗauka shi ne abokai uku, wa'adi ɗaya, da sirri ɗaya. Misali daren ƙarshe a makarantar kwana kafin takardar ƙarshe ta WAEC: wayar da aka shigo da ita a ɓoye tana ofishin malamin ladabtarwa, a cikinta akwai saƙon murya da mai bakin ya naɗa yana kwaikwayon shugaban makaranta, gobe da safe kuma za a miƙa wa iyaye wayoyin a gaban taro. Sirrin shi ne ɗayansu ya san ba zai ci gaba da karatu ba, kasuwa za a kai shi, bai gaya wa sauran ba. Ka dasa tagar ofishin da ba ta kulluwa tun a shafi na 5, ka sa maigadi mai kirki ya zama shaidan da zai kama su a shafi na 45 ya zaunar da su yana ba su shayi, ka ajiye faɗan zuwa shafi na 75. In ka rubuta shafuka 25 na farko ka liƙo su nan, a duba ko burin da wa'adin sun fito fili.